Insol mai tauri na ciwon dunduniya: yadda na same shi bayan na busa wasanni da shi a Gombe

Insol ɗin, wato shimfiɗar cikin takalmi, da zan yi bayani a kai ba wannan mai laushin ba ne mai kalar shuɗi da ake ratayewa a kyamis da shagunan takalma, shi ma dai zan taɓo shi don na yi amfani da shi. Wanda nake nufi shi ne mai tauri, mai tudu a tsakiya da kwarmi a wajen dunduniya, wanda likitocin gashin ƙashi suke cewa a zura cikin takalmi. Ni malamin makaranta ne, da safe ina tsaye gaban allo, da yamma kuma musamman Asabar da Lahadi ina busa ƙwallo a gasannin unguwa nan cikin Gombe, daga Pantami zuwa Bolari zuwa Tumfure duk inda aka kira ni, to ƙafa ita ce jarina gaba ɗaya. Insol ɗin ya yi min aiki kuma zan sake saya, amma akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, su ne suka sa na zauna rubuta wannan, saboda cikin 'yan tirenin ɗinmu na safe mutane da yawa ina ganinsu suna ɗingishi, magani kawai suke ta sha abin bai tafi ba.

Duk wanda ya taɓa wannan ciwon zai gane shi tun kafin in ƙarasa. Ka tashi da asuba za ka je alwala, kana sauke ƙafa ƙasa sai ka ji suka a ƙasan dunduniya ta ɓangaren ciki, dole ka dafa bango ka bi a hankali kana taka yatsu. Kafin ka dawo daga masallaci ya lafa har ka ce ai ya wuce. Ka zauna ofis ka yi makin littattafan yara, kana miƙewa ya dawo sabo fil. A fili kuwa farkon wasa ne wahala, da jiki ya ɗau zafi sai ka manta da shi, amma daren ranar da washegari sai ka biya bashin gudun da ka yi.

Shawara kam na sha ta. Wani ya ce sammu na taka, wani ya ce sanyi ne ya sauka ƙafa, gwaggona ta ce a gasa dutse in dinga ɗora dunduniyar a kai, a kyamis kuma ko tambaya babu sai a miƙo maka diklofenak a ce safe da yamma. Maganin yana kashe zafin gaskiya, amma kashe zafi kawai yake yi, kuma wanda ya mai da shi abincin kullum yana wasa da cikinsa da ƙodarsa, don irin waɗannan magungunan suna jawo gyambon ciki kuma suna taɓa ƙoda in aka daɗe ana sha. Wannan ya fi damuna a kan samarin da ke haɗiyarsa kafin kowane wasa ba ko abinci a cikinsu.

Na fara da mai laushin, na silikon, na same shi a babbar kasuwa dubu uku da wani abu. Ranar farko daɗi sosai, kana takawa kana jin yana lotsawa, za ka rantse ciwon ya ƙare. Matsalarsa guda uku ce kuma duk na gan su da idona. Ba shi da komai a tsakiya da zai tallafi kwarmin ƙafa, shimfiɗe yake, to nauyinka yana sauka jijiyar tana miƙewa yadda ta saba, laushin bai hana komai ba. Sannan yana zamewa cikin takalmi, in ka yi gudu ka tsaya farat ɗaya ko ka juya, wanda shi ne aikin rafari, sai ka ji ya tattaro ya dunƙule ƙarƙashin yatsu. Na uku kuma zafi, roba ce ba ta shan gumi, a watan Maris da Afrilu da rana ke kai maki 40 a garin nan ƙafarka za ta yi sharkaf, kan ka ankara fata ta yi fari ta fara salewa tsakanin yatsu. Bai daɗe ba ma wajen dunduniyar ya baje ya tsage. Ban ce ba shi da amfani kwata-kwata ba, dattijon da kitsen dunduniyarsa ya sirance ko mai tsayuwa a shago kan siminti zai ji sauƙinsa, amma mai gudu kam araha ba ta ado.

Wani abokin aikina ne ya matsa min in je wajen fisiyo, wato likitan gashin ƙashi. Likitan matashi ne, yana ganina ya ce, "Malam cire takalman duka biyu har da safa, ka miƙo min su." Na ɗauka ƙafar zai fara dubawa, ashe takalmin. Ya kifa kambas ɗin ya nuna min yadda ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya, ya ajiye shi kan tebur muka ga ya karkata ciki da kansa ba wanda ya taɓa shi. Ya sa na tsaya, ya zagaya bayana yana kallon agara da idon sawu, ya ce in yi ɗage a kan yatsu, ya ce in yi tafiya zuwa ƙofa in dawo. Sannan ya zaunar da ni ya kama babban yatsa ya tanƙwara shi sama, da ɗayan hannun ya danna wani ɗan wuri a gaban ƙashin dunduniya ta ciki, wallahi sai da na janye ƙafar ba shiri. Ya ce yawwa, nan ne. Ya miƙar da gwiwar ya tura tafin ƙafar sama, ta ƙi tafiya yadda ya kamata, ya ce sha raɓarka ta ɗaure sosai Malam, rabin matsalar daga nan take. Na ce Likita ba za a yi hoto ba, an ce min ƙashi ne yake tsirowa. Ya ce ko an yi hoto an ga ɗan tsinin ƙashin ba lallai shi ne ke ciwon ba, mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin komai ba, wasu kuma suna ta fama hotonsu fes. Bai ce in kashe kuɗin hoto ba, wannan ya sa na ƙara yarda da shi.

Bayanin da ya yi min shi ne ya sa na fahimci me insol yake yi da abin da ba ya yi. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ba a shimfiɗe suke ba, a lanƙwashe suke. A ƙasansu akwai wata jijiya mai faɗi da kauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu, ita ce kamar tsirkiyar baka, ita ke riƙe lanƙwasar kar ta baje. Duk takun da ka yi sai ta miƙe ta koma. In kana gudu nauyin da ke sauka kan ƙafa yana kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinka, wato mai kilo 80 kowane taku yana sauke abin da ya kai kilo 160 zuwa 240, kuma rafarin tsakiya a manyan wasanni yana cin kilomita 10 zuwa 12 cikin minti 90. Mu namu bai kai haka ba, amma namu filin ƙasa ce busasshiya mai tsakuwa, wani wurin yashi ƙafa na nutsewa wani wurin tauri. In aikin ya fi ƙarfin jijiyar sai ta fara 'yan tsage-tsage a inda ta manne da ƙashi, shi ne ciwon da a likitance suke kira filanta fashiyaitis, kuma ana ƙiyasta mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa. Da dare kana barci ƙafa tana saki ƙasa jijiyar ta tsuke, takun farko na asuba sai ya fizge ta, dalilin sukar safiyar ke nan. To insol ba ya ɗinke jijiya, abin da yake yi shi ne ya karɓi wani kaso na nauyin ya raba shi ga tsakiyar ƙafa don wurin ya samu sarari ya warke da kansa.

Shi ya rubuta min irin wanda zan nema, na yi oda aka sako min a mota daga Kano na karɓa a tasha, da kuɗin mota ya tasar ma dubu goma sha. In ka riƙe shi a hannu ba nauyi. Ƙasansa daga dunduniya zuwa tsakiya roba ce mai tauri, in ka danna tudun da babban yatsa yana ɗan motsawa kaɗan ya dawo amma ba ya kwantawa, wannan shi ne gwajin da ya kamata kowa ya yi kafin ya biya, in tudun ya kwanta da yatsa to nauyin mutum ba zai bar komai ba. Wajen dunduniya kwarmi ne mai zurfi da gefe-gefe, yana tattaro naman dunduniyar wuri ɗaya ƙarƙashin ƙashi maimakon ya baje, kuma yana hana ƙafar rangaji. A saman robar akwai soso siriri, sannan wani yadi a kai. Gaban kuwa laushi ne an zana layuka na lambobi. Yadda aka nuna min, ka zaro shimfiɗar da ta zo da takalmin, ka ɗora ta kan sabon, ka zana da biro, ka yanke da almakashi ta gaba kawai, kar ka taɓa baya. Kuma tsohuwar shimfiɗar ba a mayar da ita, in ka haɗa biyu takalmin zai matse ka, dunduniya ta ɗago tana fita. Duka ƙafa biyu ake sawa ko da ɗaya ce ke ciwo, in ba haka ba tafiya za ta karkace ƙugu ya fara nasa.

Farkon sawa babu daɗi, gara in faɗa tun yanzu don a nan mutane ke jefar da shi. Za ka ji tudun yana tokare maka tsakiyar ƙafa, in ka daɗe har gajiya kake ji a ƙwauri. Likitan ya riga ya gaya min, ya ce awa ɗaya ko biyu ranar farko, kullum ka ɗan ƙara, kar ka yi gudu da shi sai ka iya wuni da shi a makaranta ba ka tuna yana nan ba. Haka na bi. Abin da na fara lura da shi ba a fili ba ne, a aji ne, na ga ina gama darasi biyu a jere ban nemi kujera ba. Daga baya sukar asuba ta fara raguwa, ba ta ɗauke lokaci ɗaya ba, wata rana ka tashi lafiya wata rana ta ɗan taɓa ka, musamman in jiya ka yi yawo da silifas. Da na koma busa wasa da shi bambancin ya fito a washegari, da can ranar Litinin da ɗingishi nake shiga makaranta har yara na tambaya, yanzu ina sauka daga mashin in taka daidai. Ya ɗau watanni kafin in ce Alhamdulillah na warke, kuma likitan ya ce haka ciwon yake, mafi yawan mutane, wajen 9 cikin 10, suna warkewa ba tare da tiyata ba amma yana iya cin wata 6 har shekara.

Sai dai ba zan ba insol lada shi kaɗai ba don ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Kafin in sauko daga gado nakan ɗora ƙafar kan gwiwa in kama yatsun in ja su sama har in ji jijiyar ta ɗaure, in riƙe daƙiƙa 10 in saki, sau 10, wannan kaɗai yana rage sukar takun farko sosai kuma ko sisi ba ka kashe ba. Sai miƙar da sha raɓa, ka dafa bango ka mai da ƙafar baya dunduniya a ƙasa ka riƙe daƙiƙa 30, sau ɗaya gwiwa a miƙe sau ɗaya a ɗan lanƙwashe. Daga baya ya ƙara min ɗage a bakin matakala da naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin yatsu, a hankali sama a hankali ƙasa, don jijiyar ta yi ƙarfi. Bayan wasa kuma gorar ruwa mai ƙanƙara nake murzawa da tafin ƙafa, ranar da babu wuta maman yara takan aiki yaro ya sayo ƙanƙara a maƙwabta. Na rage wasanni na wani lokaci, inda ake so in yi tsakiya na roƙa a ba ni lasman. Abu na ƙarshe da ya fi ba ni wuya shi ne daina yawo ba takalmi a gida kan tayil da siminti, mu da muka saba ana shiga ɗaki a tuɓe takalmi, dole na ware wani takalmi mai kauri na cikin gida kawai.

Yanzu ga inda insol ɗin ya gaza, kuma babbar gazawa ce ga irin rayuwarmu. Bai shiga but ɗina ba. Takalmin ƙwallo a tsuke yake kuma ba shi da zurfi, ina zura shi ƙafar ta ƙi shiga, da na tilasta sai bayan ƙafa ya matse yatsu suka fara mutuwa. Sai na koma busa wasa da kambas, ni rafari ya yi min, amma ɗan wasa da dole sai but wannan samfurin ba nasa ba ne, siriri zai nema ko mai tsayin kashi uku cikin huɗu wanda yake tsayawa kafin yatsu. Sannan babbar magana, mu nan yaushe muke sa rufaffen takalmi? Ranar Juma'a, ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, zaman majalisa, duk da kaftani da buɗaɗɗen takalmi ne, kuma wanda ya ƙera insol ɗin bai yi tunanin wannan ba sam. A sandal ba ya zama, a hafkoba yana leƙowa ta baya. Ranar da na wuni a wajen biki da takalmin fata mai shimfiɗaɗɗen ƙasa sai ciwon ya tuna da ni da daddare. Na kai wa wani dattijo shumeka a unguwarmu, na ce Baba ko akwai dabara, ya jujjuya insol ɗin a hannu ya daddanna, ya ce bar min takalmin zuwa jibi. Ya ɓare fatar saman sandal ɗin, ya yanko roba mai tauri ya goge ta da sanfefa har ta yi tudu irin na insol ɗin, ya ɗan ƙara tsayin dunduniya, ya mayar da fatar ya ɗinke, in ka gani ba za ka san an taɓa ba. Bai kai na asali ba don babu kwarmin da ke riƙe dunduniya, amma ya fi shimfiɗaɗɗe nesa ba kusa ba. Mata masu tsayuwa a kicin ko asibiti ko aji da falat shu su ma wannan matsalar za su samu.

Sai kuma zafi da danshi. Mutum yana alwala sau biyar, in ka zura ƙafa da jiƙa cikin takalmi yadin saman yana shanye ruwan, ga gumi, kwana kaɗan wari ya tashi. Dole na koyi ɗaukar ɗan hankici in goge ƙafa kafin in sa safa, da daddare kuma in zaro insol ɗin in jingine shi ya sha iska. Kar a shanya shi a rana kuma kar a bar shi cikin but ɗin mashin ko mota da tsakar rana, robar tana iya lanƙwashewa gam ɗin ya saki. Nawa ma da duk kulawar yadin ya fara ɓarewa ta wajen babban yatsa tun tudun yana da sauran ƙarfinsa, a kuɗin da aka sa masa wannan bai dace ba, sai da na manne da gam. Wanki da ruwa kaɗan da sabulu da tsumma, ba a jiƙa shi cikin bokiti. Yana kuma ɗan ƙara a wasu takalman in kana tafiya, in ka barbaɗa hoda a ƙarƙashinsa sai ya daina. A masallacin da ake cika kuwa a leda nake sa takalmin in shiga da shi, don in ya ɓata asara biyu ce.

Wasu za su ce me zai hana a yi na awo tun farko, wanda ake ɗaukar zubin ƙafarka a ƙera maka naka. Ni ma na tambaya. Ana yi, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da yake aiki tun 1959 yana da sashen da ake ƙera ƙafar roba da takalman gyara da irin wannan shimfiɗar. Amma likitan ya ce ga irin ciwona ba da shi ake farawa ba, ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2006, daga baya na nemo na karanta da kaina. Mutum 135 masu wannan ciwon aka raba gida uku, wasu aka ba su na awo, wasu na kanti mai tauri, wasu kuma soso siriri wanda ba ya tallafar komai. Bayan wata 3 masu na awo da masu na kanti sun ɗan fi samun sauƙin zirga-zirga, kuma tsakanin su biyun babu wani bambancin kirki. Bayan wata 12 duka gida ukun sun zama ɗaya. Abin da na ɗauka a nan shi ne insol yana taimaka maka ka tsallake watannin wahala kana aikinka, kuma na kanti mai kyau ya wadatar wa yawancinmu, ba sai ka sayar da akuya ka hau motar Kano ba. Na awo yana da masu shi, wanda ƙafarsa ta karkace sosai, wanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, wanda ya taɓa karaya ta ɗore ba daidai ba, wanda shan inna ya taɓa, ko wanda ya gwada na kanti yadda ya kamata bai ga canji ba.

Kuma insol mai kyau cikin mataccen takalmi ɓarnar kuɗi ce. Yawancinmu kambas na gwanjo muke saya, sama fes an wanke an goge, amma soson ƙasan wani ya riga ya gama cinye shi a can ƙasar da ya fito. Takalmin gudu ana cewa a canza shi bayan kilomita 500 zuwa 800, wa ya san nawa mai shi na farko ya ci? Ban ce a daina sayen gwanjo ba don na san halin da ake ciki, amma a duba. Ka matsa bayan takalmin da yatsu biyu, in ya kwanta ka ajiye. Ka lanƙwasa shi, ya kamata ya karye ta wajen yatsu ne kawai, in ya naɗe ta tsakiya ka ajiye. Ka duba gefen soson, in ya yi tamoji da yawa ya mutu. Ka tabbata shimfiɗar cikinsa tana zaruwa. Kuma ka je kasuwa da insol ɗinka da safar da kake gudu da ita, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada a wurin. Wanda zai fara sassarfa kuma, irin masu fitowa wajen filin wasa na Pantami da sassafe don rage tumbi, a bi a hankali, wannan ciwon ya fi kama wanda ya tashi daga zama ya hau gudu kan kwalta kullum ba hutu.

Akwai waɗanda nake roƙonsu da Allah kar su saya don sun karanta wannan. Na farko mai ciwon suga. Suga yana kashe jin ƙafa, insol mai tauri zai iya goge maka fata ya yi ƙuraje ba ka ji ba, daga nan gyambo, kuma mun san inda gyambon mai suga yake kaiwa, shi sai likita ya duba ya zaɓa masa. Na biyu wanda ƙafar ta kumbura ta yi ja, ko yake jin mutuwar yatsu da tsira-tsira, ko ciwon yana hana shi barci ko bai taka ba, ko in aka matse dunduniyar ta gefe da gefe ya ji zafi sosai, wannan na iya zama tsagewar ƙashi ko matsewar wata jijiya daban mai kai saƙon ji, ba aikin insol ba ne. In ciwon a bayan dunduniya yake wajen agara shi ma daban ne. Yara ƙanana kuma da iyaye ke tsorata wai ƙafarsu a baje take, yawancinsu kwarmin yana fitowa da kansa suna girma, in yaro ba ya kukan ciwo yana gudunsa ba ya buƙatar komai. Allurar da ake yi a dunduniya tana kwantar da ciwo na ɗan lokaci amma in aka yawaita tana iya tsinka jijiyar ko ta narkar da kitsen dunduniya, kar a yarda a yi ta a kyamis. Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe yana da sashen fisiyo, na Bauchi ma Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa yana da shi, a je a duba mutum kafin ya sayi komai.

In maki zan ba shi zan ce huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda yadin da ya ɓare da kuma ƙin shiga but. Yanzu ba kullum nake sa shi ba, likitan ya ce ƙafa ma tana son ta yi aikinta, to ranar wasa da ranar da nake da darussa da yawa nake zura shi. Roƙona ga masu shagunan kayan wasanni da manyan kyamis na garin nan, ku kawo mai taurin ku ajiye lamba-lamba mutum ya gwada a ƙafarsa kafin ya biya, don yin oda daga nesa ba ka taɓa tudun da hannunka ba caca ce, wani tudun ya fi ƙarfin ƙafar wani. Ku haɗo da siririn na but kuma, 'yan wasan unguwa da yawa shi suke buƙata kuma ban gan shi a ko'ina cikin Gombe ba.